Bindigar da Ba Ta Nunawa a Kwat

Glenda Sizemore ta jera bindigogi uku a kan gilashin kantarta, kowacce ba ta fi tafin hannu ba. Saurayin da ke gabanta bai taɓa ko ɗaya ba. A kafaɗarsa akwai baƙar kwat cikin ledar mai wanki.

Sunansa Dalton Prewitt. Shagunan bindiga biyu ya wuce a garinsu, ya ƙetaro dutse zuwa wannan, don a can kowa ya san mahaifiyarsa.

"Kai za ka riƙe?" in ji Glenda.

"A'a, Madam. Kyauta ce, ta babana."

"Ba shi da wata?"

"Yana da babba. Mama ta ƙwace, ta tura ta ƙasan firiza, ƙarƙashin naman barewa."

Glenda ba ta yi dariya ba. A duwatsun Kentucky ta ji abin da ya fi wannan.

Virgil Prewitt, mahaifin Dalton, ya fi shekara talatin da babbar bindiga a ƙugunsa. Da ita a jikinsa yake yankan ciyawa, da ita yake zuwa kamun kifi, da ita aka ɗaura masa aure. Bai taɓa harbin komai ba sai gwangwanaye, da wani maciji da daga baya aka gane ya kwana biyu da mutuwa. Maganarsa ɗaya ce: mutum ba ya sanin wanda zai tarar a inda za shi.

Matarsa Darlene ta haƙura duk tsawon shekarun nan. A wannan makon haƙurin ya ƙare. Ta rantse ranar Asabar Virgil zai shiga coci a gaban dangi babu ƙarfe a jikinsa, ko da sau ɗaya ne. Shi kuwa Virgil ya san halin matarsa. Tun yana gadon asibiti ya kama wuyan hannun ɗansa, ya sa shi ya yi alkawarin ba za a yi masa haka ba.

Gobe ce Asabar.

Glenda ta ɗauki baƙar da ke tsakiya. Ta ce daɗinta ba ta da nauyi, mutum sai ya manta tana jikinsa, kuma ba ta tayar da riga. Aibinta kuwa ya fi jikinta yawa.

"In an harba, tana dukan tafin hannu kamar jaki. Ubanka tsoho ne, hannunsa ba ya rawa?"

"Ya daina."

"Bakinta gajere ne. In abu ya wuce tsawon ɗakin nan, gara ka jefe shi da ita."

"Ba ya buƙatar nisa."

"Harsashi shida kaɗai take ci. Kuma aljihu ƙazamin wuri ne, ɗana. Zare, ƙura, gumi. In ba a goge ta duk mako ba, ranar da ake nemanta sai ta yi fushi."

Dalton ya ƙare wa bindigar kallo.

"Danshi fa, Madam? In ta daɗe a wuri mai danshi?"

"Kamar wata nawa?"

"Da yawa."

Ta mayar da baƙar, ta fito da wata fara mai ƙyalli, irin wadda tsatsa ba ta kamawa da wuri. Dalton ya zare kwat ɗin daga leda. Bai rataye ta ba, bai kuma sa ba. Ya shimfiɗa ta a kan kanta, ya zura bindigar a aljihun ciki, ya shafe ƙirjin da tafinsa. Ya duba daga sama, ya duba daga gefe. Babu tudu.

Glenda ta rage murya. "Bari in tambaye ka, kada ka ji haushi. Tsoho, ga ciwo, ga matarsa ta ɓoye masa bindiga. Ba kansa yake shirin yi wa wani abu ba?"

"Babu abin da zai yi wa kansa, Madam."

Ta daɗe tana kallon idonsa. Jajaye ne, amma ba irin na mashayi ba. Ta miƙa masa takarda ya cike.

Washegari motoci suka cika filin cocin har bakin titi. Darlene na tsaye a ƙofa da hular da ba ta sawa sai abu ya kai abu. Ta rungume ɗanta, hannayenta kuma suka bi ƙugunsa da hamatarsa kamar na ɗan sanda. Suka tsaya a aljihun wando.

"Mene ne wannan?"

"Waya ce, Mama."

"Ka kashe ta. Kuma na duba aljihunan ubanka sau biyu, kada ka ce ban faɗa maka ba."

Virgil na can gaba cikin baƙar kwat ɗin, an taje masa gashi yadda shi bai taɓa tajewa ba. Hasken taga ya kwanta a gefen fuskarsa. Mutane na zuwa wurinsa ɗaya bayan ɗaya. Dalton ya bari kowa ya gama. Yana jin idon mahaifiyarsa a ƙeyarsa tun daga layin farko.

Ya sunkuya kamar mai gyara kwala. Hannu ɗaya ya ɗaga gefen kwat, ɗayan ya shiga ya fito.

"Shida ne a ciki, Baba," ya faɗa a hankali. "Ka yi tattali."

Virgil bai ce komai ba. Dama shi ba mai yawan godiya ba ne.

Dalton ya shafe ƙirjin da tafinsa, kwat ta kwanta luf. Darlene ta matso, ta ƙare wa mijinta kallo daga sama har ƙasa, ta sauke ajiyar zuciya irin ta wadda ta ci nasara.

Sannan ta gyaɗa kai, aka sauke murfin akwatin gawar.