Lungun da Makara Ba Ta Juyawa

Kai da aka danƙa wa igiyar awon filin gari, tsaya ka ji misali kafin ka kafa turke.

A wani gari akwai fili a bayan ganuwa, ba na kowa ba, na kowa da kowa. Da haya ta yi tsada, masu gida na fito wa mutane da tabarminsu waje tsakiyar damina, sai dattawa suka ce a yanka filin nan a gina ƙananan gidaje a ba marasa gida a kan abin da talaka zai iya, a bar wurin rijiya, a bar wa ruwa hanyarsa. Aka ba wani magini aikin, mutum mai hannu, wanda in ya yaɓe bango ƙuda ma sai ya zame. To, garin na da al'ada tun kaka da kakanni: ba a aza tubali a sabuwar unguwa sai an ɗauko makara daga masallaci, ba kowa cikinta, maza su saɓa ta su bi kowane lungu da aka zana a ƙasa. Inda ta juya ba ta taɓa igiya ba, lungu ya yi. Maginin ya ce shi ba zai fara gidajen masu rai da makara ba, mugun fata ne, idonsa ya ishe shi awo. Magana ta yi kama da hankali, aka ƙyale shi. Shi kuwa ya tsakuri kamu a nan, kamu a can, kamar mai awo da ya lotsa gindin mudu, yana matse lungu yana jawo gidaje, har abin da ya tsakura ya taru a ƙarshen unguwa ya zama gida mai soro, nasa. Mutane suka tare da guɗa. Wanda ya fito daga haya ai rufin kansa yake dubawa, ba faɗin hanya ba.

Rasuwar farko a unguwar, ɗan wata mai daddawa ne, saurayi dogo. Aka kawo makara, ta shiga lungu, ta kai kwana, ta cije. Aka karkata, aka ɗaga, aka ja baya, ina! Ƙarshe a tabarma aka fito da shi, ana lanƙwasa shi a kwana kamar ɗaurin kara. Uwar tana bayan labule tana gani. Ba ta yi zagi ba. Da maginin ya zo gaisuwa, sai ta ce, "Malam magini, ka auna mana hanyar shiga. Ta fita fa?" Ya ce, "Allah ya ji ƙansa, Inna," ya shafa addu'a ya tashi.

Tun daga nan, duk lokacin da rana ta take, kowa ya shige ɗaki, kaji suka yi tsit a gindin bango, sai ya ji itace na gogar katanga can bakin unguwa, ƙurrr, a tsaya, ƙurrr, da sawun mutane masu ɗauke da abin da ba shi da nauyi. In ya leƙa, ba kowa. Sai zane a bango, hagu da dama, daidai kafaɗar namiji, yaɓe na zuba sabo. Maƙwabta suka ce jaki ne da mangala. Shi da ya yi bangon ya san ba jakin da ya kai nan tsawo. Ya kwaɓa ƙasa ya shafe. Washegari zanen ya dawo, ya ƙara gaba, ya wuce kwanar da makarar masallaci ta kasa wucewa. Ya san maganin abin sarai, shi ne ya je gaban dattawa ya faɗi abin da ya ci, ya ba da gidan a buɗe wa unguwa hanya. Maimakon haka sai ya shiga ciniki. Ya yi sadakar waina. Ya sa aka yi masa saukar Alƙur'ani. Ya rushe dakalin ƙofarsa ya ce ga shi ya rage. Ya ce a bari damina ta wuce. Amma makarar da ke zuwan nan ba 'yar kasuwa ba ce: ba a taya mata, ba a ce mata albarka.

Ranar da zanen ya kai ƙofarsa, yana zaune a soro da kwanon kwaɓi. Ya ji gogar ta tsaya. Ya ji an sauke abu a ƙasa a hankali, sannan shiru, irin shirun mutanen da suka zo ɗauka suna jira a gama shiri. Da la'asar aka same shi a zaune, ido a ƙofa, ƙasa ta bushe a hannunsa. Aka aika masallaci, makara ta zo, ta cije inda ta saba cijewa. Dattawa suka ce ba za a rushe ɗakin talaka don a fitar da shi ba. Sai aka fasa bangon bayan gidansa, aka fitar da shi ta nan kamar kayan sata. Ba wanda ya toshe ɓarakar, iyalinsa ma ba su sake kwana a gidan ba. Mutane suka yi ta ratsawa, soro ya faɗi, ɗakuna suka bi, har gidan ya koma hanya, ita ce mai faɗi kaɗai a unguwar. Ta nan amarya ke shiga, ta nan gawa ke fita a miƙe. Ba a sake ganin zane a bango ba.

To, ga igiyarka. Hausawa dai sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.