Zoben Malam Haladu Ya Yi Fari

Tun da aka kafa dokar zobe, kowane magidanci a Gumel yana sanye da nasa: kore in yana iya kusantar iyalinsa, fari in abin ya gagara. Na Malam Haladu ya yi fari bayan tiyatar kumburin nan da ke toshe wa dattawa fitsari. Da wata uku ya cika, ofishin aure ya kira shi da matarsa Hassatu. Ya zauna kai a sunkuye, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Wata ma'aikaciya ta miƙo wa Hassatu takarda. "Mama, doka ta ba ki damar rabuwa da shi. Dangwala nan."

"'Yar nan, shekara biyu bawan Allahn nan yana nishi a banɗaki, ina bakin ƙofa ina hawaye. Yanzu da ya warke zan tafi?"

"Ai na'urar zoben ce ta nuna."

"Na'urar ce ke kwana da shi?"

Dariya ta ƙwace wa Malam Haladu.

Ma'aikaciyar ta haɗe rai. "In kin ƙi, duk wata sai mun kira ku."

Malam Haladu ya miƙe, ya gyara hula. "Ku kira, 'yata. Tare za mu zo."