Ƙwaron da Na Ɗebo a Bokiti

Shekarar da fari ya ƙone geronmu, garkar ganyen salati a bakin kogin Yamai ce kaɗai ta rage wa Baba. Lokacin mulkin soja ne, kullum rediyo na gargaɗi cewa fara na tafe.

Wata la'asar na ɗebo ruwa, sai ga ƙwaro cikin bokiti, tsawonsa ya kai tafin hannuna. Na ƙwalla ihu, "Baba, fara ta iso!"

Baba ya leƙa, ya zauna daɓas a ƙasa yana kallon salatinsa.

Wani tsohon masunci ya ajiye tarunsa, ya zo ya kama ƙwaron ta baya.

"Malam, ka taɓa ganin fara mai ƙafafu kamar filafilin jirgi? Ƙwaron ruwa ne. Daga Ayoru har Gaya akwai shi a kogin nan. Kifi ƙanana yake ci, ba ya taɓa ganye. Yarinya dai ta kiyaye yatsanta, yana cizo."

Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi cikin laka.

Yanzu in jikokina suka ga irinsa, gudu suke. Ni kuwa dariyar nan nake ji, ita kaɗai Baba ya yi a shekarar.