Muryar Aro

Tun da doka ta ce duk ɗan tallan da ya haura arba'in sai ya ɗaura abin wuya mai mayar da murya ta ƙuruciya, Tasalla take tallan man zafi ta waya da muryar 'yar ashirin, alhali ta ba sittin baya.

Rannan wata tsohuwa ta katse ta: "Ke yarinya, me kika sani kan ciwon gwiwa? Ba ni babba."

Manaja Zayyanu ya zare mata ido. Duk wanda ya cire, a bakin aikinsa.

Tasalla ta kwance abin, ta dire masa a tebur, ta gyara murya.

"Yaya, ga babbar. Tawa ta hagu ce. Taki fa?"

"Yauwa," in ji tsohuwar. "Yanzu na ji magana."