Gayyar Cire Ciyawa

Shekara uku ke nan da wayoyi suka fara goge zagi da kansu, bakin kowa ya yi laushi.

Da hantsi Kubura ta leƙa gidan yayarta, ta tarar tana tura saƙo: "Asabar gayya ce, a fito a cire ciyawar unguwa."

"Yaya, wace ciyawa? Ko'ina siminti ne."

"Ke dai ki fito. Da mugun abu ne ai da waya ta goge."

A hanyar gida ta ga an zana koren ganye a ƙofofi huɗu, duk na waɗanda ake kira baƙi, wai ba 'yan gari ba ne. A ƙofa ta huɗu Rifkatu mai kitso, ƙawarta tun firamare, ta tare ta da murmushi.

"Ni ba a turo mini saƙon gayyar ba. Ƙarfe nawa za mu fito? Har na aro fartanya."