Sa Hannun Ungozoma

Na riga na miƙa wa matar takardar da biro a bakin babban kanti, a ƙasar wajen nan da muke zaune, kafin na gane fuskarta. Sai na tara sa hannun masu zaɓe dubu kafin Juma'a sannan zan tsaya takarar majalisar jiha, a ƙaramar jam'iyyarmu mai neman gwamnati ta cire hannunta daga sana'ar mutane.

Ta karanta tarihin aikina a saman takardar: "Tsohon sufeton hukumar lasisi, shekara ashirin da shida."

"Ranka ya daɗe, sufeto," in ji ta. "Ka manta ungozomar da ka kai kotu?"

Ban manta ba. Jarirai ɗari uku ta karɓa lafiya, lasisi ne kawai ba ta da shi, kuma shaidata ce ta ɗaure ta. Saboda ita na ajiye aikin.

"Baiwar Allah, dokar lasisin nan nake son sokewa. Sa mini hannu."

Ta juya biron, ta yi dariya marar mugunta.

"Da na sa maka, tsoho. Amma a jihar nan, wanda aka ɗaure irin ɗaurina ba ya zaɓe."

Ta mayar mini da biron, ta koma aikinta na tattara kekunan zuba kayan sayayya na kantin cikin dusar ƙanƙara.