Gobara a Benen Su Vernell

Shekara uku ke nan Vernell Tibbs tana jinyar mijinta Cleophus a hawa na uku na wani tsohon bene, a unguwar baƙar fata. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye a masana'antar narka ƙarfe, ita ke riƙe da gidan, da aikin guga a wani otal.

A shekarar da unguwar ta kama da tarzoma, bayan 'yan sanda sun harbe wani direban tasi, magajin gari ya zo da 'yan jarida ya kafa kwamitin sauraron koke-koken jama'a. Vernell ta sa hularta ta zuwa coci, ta je ta zayyana musu komai: samari ba aiki, ɓeraye har kan gado, wayoyin lantarki sun ruɓe, masu gidaje sun ƙi gyara. Tana magana shugaban kwamitin yana duba agogo.

Da ta dawo, Cleophus ya ce, "To, 'yar majalisa, me suka ba ki?"

"Kofi mai sanyi, da 'mun gode'."

"Ai kin ci riba. Ni shekara ashirin na yi ina bauta, ko kofin ban gani ba."

Kafin sanyi ya shigo an saya wa 'yan sanda motar sulke sabuwa fil. Ofishin 'yan kwana-kwana na unguwar kuwa aka garƙame shi, wai babu kuɗi.

Wata Talata da hantsi, maƙwabciyarta Earline ta bugo waya otal. "Vernell, yar da gugar nan ki taho, benenku ne ya kama da wuta!"

Ta tarar hayaƙi ya turnuƙe layin. Maza sun gwada hawa, wuta ta koro su. Motar sulke ta riga kowa zuwa, don an ce baƙar fata sun taru, 'yan sanda kuma sai tura mutane suke da kulki.

"Mijina yana sama! Ba ya iya tafiya!" in ji Vernell, tana ƙoƙarin kutsawa.

"Ja da baya, kar ki tayar mana da fitina," in ji wani ɗan sanda.

Sai bayan minti arba'in motar kashe gobara ta iso daga tsallaken kogi. A bakin ƙofar ɗakinsu aka samu gawar Cleophus. Da hannu ɗaya ya jawo jikinsa daga gado har nan.

Ranar jana'iza wakilin magajin gari ya zo da furanni da mai hoto. Ko kunya babu, ya roƙi Vernell ta ɗan matsa, wai ta tare sunan magajin garin da ke jikin furannin. Ta ɗauke su ta danƙa masa a ƙirji.

"Mayar masa. Tir da ku."

Mai karatu, hukumar da talaka ya kai wa kuka ta amsa masa da kulki da kwamiti ba zaman lafiya ta kawo ba. Shugaban da ya fi tsoron fushin jama'a fiye da mutuwarsu, alhakin kowane rai yana wuyansa.